Kapiten Ya Ce Ka Zo da Ordinatar

Yunana malamin kimiyya ne a kolej ɗin Tasawa. A unguwarsu, can bayan tashar mota, shi kaɗai ke da ordinatar, wato kwamfuta, irin wanda ake ninkewa a sa a jaka. Tsohon hannu ne, wan matarsa ya kawo masa daga Katsina. Tun da ɗalibai suka fara miƙo masa kile ɗinsu, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin inji, yana kwafa musu darasi, birus ya cika injin. In ya kunna shi da safe, sai ya yi wanka ya sha kunu kafin ya gama buɗewa.

A shekarar nan damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba. Kafin zafi ya kankama kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka wayi gari manyan ofisoshin gari masu kaki ne a ciki. Hira ta ragu a bakin shaguna. Kowa ya zuba ido ya ga irin kamun ludayin sababbin.

Ana cikin haka Oumarou, malamin lissafi, abokin aikin Yunana, ya dawo daga wani horo a Maraɗi da faifan sede guda biyu. Ya ba shi ɗaya a ɗakin malamai.

"Wanga shi ake ce ma Linux," in ji Oumarou. "Sistem ne, kamar wanda ke cikin injinka yanzu, shi ke tuƙa komi. Amma wanga ba na mutum guda ba ne. Mutane ne a ƙasashe da yawa suka haɗu suka gina shi, suka bar shi a buɗe. Ka kwafa ka ba wanda kake so, ba mai ce maka ɓarawo. Kuma birus ɗin ɗalibanka ba su san hanyarshi ba."

"Kyauta?"

"Kyauta."

"To na banza ne ke nan."

Oumarou ya yi dariya. "Gwada ka gani. In ka sa faifan za ka ga ƙofa biyu. Guda an rubuta Essayer. Ita ce ta gwaji, ba ta taɓa komi naka, in ka fidda faifan injinka shi koma yadda yake. Ɗayar Installer, ta kafa shi dindindin. In za ka shiga wannan ka kira ni. Akwai wurin da zai tambaye ka ko shi zauna kusa da tsohon, ko shi ɗauki injin duka. In ka ce duka, ba abin da za ya bari. Ko hoto guda."

Yunana ya yi ta bin ƙofar gwaji. Duk yamma in akwai kuran, wato wutar lantarki, sai ya sa faifan, injin ya yi ƙugi, ekran, fuskar injin, ya fito da wani launi mai kama da jar ƙasa, komi ya sauya wuri. Ya ga yana iya rubutu, yana iya buɗe darussansa, har ya sami wani abu mai nuna taurari da sunayensu. Ƴarsu Jumma, mai shekara huɗu, ta gano wasan jera katako a ciki. Matarsa Dabora, wadda ke ɗinki a gida, ta ce ita dai abin da ta lura shi ne ya daina zagin injin. Ƙofa ta biyu kuwa bai taɓa kusantarta ba.

Akwai abin da ke cikin ordinatar ɗin da ba ya son tunawa. Bayan girbin da bai yi ba, Pasto Matiyu na majami'arsu ya roƙe shi ya je ƙauyuka ya ɗauko hotuna, a aika wa ƴan'uwa na nesa ko za su taimaka. Yunana ya ari apare, wato kyamara, wajen wani mai ɗaukar hoton biki, ya hau kabu-kabu zuwa Garin Aduwa, ƙauyen mahaifiyarsa a ƙasar Hawandawaki. Ya ɗauki rumbuna a buɗe ba ko zangarniya. Ya ɗauki shanu kwance a bakin rijiya, fata ta manne da ƙashi. Ya ɗauki mata suna tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da ta tara, da gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun tafi Najeriya. Mutane sun tsaya masa ne don shi ɗan ƴar'uwar Na Allah ne, dattijon garin.

A lokacin, kalmar yunwa ba ta fita a bainar jama'a. Ana raɗe-raɗin wani ɗan rediyo a wani gari da ya furta ta, aka zo aka tafi da shi. Da labarin ya iso, Pasto ya ce a dakata tukuna. Aka mayar da apare, mai shi ya goge katinsa don bikin gaba. Hotunan suka rage wuri ɗaya a duniya, cikin injin Yunana.

Ranar wata Talata ya dawo daga lakwal, wato makaranta, da rana tsaka, ya tarar da Dabora tsaye a tsakar gida, keken ɗinki a rufe, ba ta ɗora tukunya ba.

"Baban Jumma, soja ya zo."

Ya ajiye jakarsa a hankali. "Wane soja?"

"Bisa moto, irin babur ɗin nan nasu. Da bindiga a baya. Bai sauka ba ma, daga bakin ƙofa ya yi magana. Ya ce a hwaɗa ma Mushe Yunana kapiten na son ganinshi da la'asar. Ya ce ka zo da ordinatar ɗinka."

Yunana ya zauna a bakin turmi. Bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Dukansu sun san abu ɗaya ne a cikin injin nan da zai sa soja ya san sunan malamin kimiyya.

Ya kira Pasto, salular a kashe. Ya kira Oumarou, aka ce ya tafi Mayahi jana'iza. Ya shiga ɗaki ya kunna injin da tsohon sistem, ya zauna yana kallon sa yana jan ƙafa. Da ya buɗe, ya danna wurin hotunan, sai komi ya daskare. Ya kashe ya sake kunnawa, haka. Zufa na ɗiga daga haɓarsa kan maballan.

"Goge su mana," in ji Dabora daga bayansa.

"Ko na goge, suna nan ƙasa. Oumarou ya ce wanda ya sani shina iya tono su. Kuma na kwafa su wuri biyu ko uku cikin injin, ban tuna ko'ina ba." Ya ɗago ya dube ta. "Akwai huskokin mutane ciki. Kawu na ciki. Matan garin duk suna ciki."

Ya miƙa hannu ya ɗauko faifan daga cikin Littafi Mai Tsarki, inda yake ajiye shi don kada ya karce.

Injin ya yi ƙuginsa, ƙofofin biyu suka fito. Dabora ta dafa kafaɗarsa.

"In ka yi, har na Inna?"

Mahaifiyarta ta rasu bara. Hotonta ɗaya ne, wanda Yunana ya ɗauka ranar Kirsimeti, tana zaune a tabarma Jumma na kan cinyarta. Kullum suna cewa za su kai a wanke shi a takarda. Kile ɗinsa kuwa, da zai kwafe hoton a kai, yana wajen darektan kolej tun makon jiya, kuma hanyar gidan darekta ta gaban ofishin sojojin ta bi.

"Har shi," ya ce.

"Buɗe mini shi in gani."

Ya shiga ƙofar gwaji ya nemo hoton. A nan ya buɗe nan take. Dabora ta durƙusa ta kawo fuskarta kusa da ekran, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta taɓa bakin kallabin tsohuwar. Sannan ta miƙe ta ce, "Yi," ta fita ta ja labule.

Ya danna Installer. Injin ya tambaye shi harshe, ya ce faransanci. Ya fito da taswirar duniya, ya danna kan Yamai. Ya tambayi sunansa da kalmar sirri. Sannan ya kawo tambayar da Oumarou ya faɗa. Yunana ya zaɓi a ɗauki injin duka. Wani gargaɗi ya fito, cewa abin da za a yi ba ya komowa. Darussansa na shekaru suna ciki, da waƙoƙin mawaƙan majami'a da ya naɗa. Daga nesa ya ji ƙarar moto a kan titi. Ya danna.

Wani siririn layi ya fito ƙasan ekran ya fara cika kaɗan-kaɗan. A samansa rubutu na wucewa, ana yi masa maraba, ana gaya masa abubuwan da zai ji daɗinsu. Bai karanta ba. Layin kawai yake kallo.

Bai kai rabi ba aka ɗauke kuran.

Fankar ɗakin ta yi juyi biyu ta tsaya. Batirin injin ya tsufa, ba ya riƙe wuta ko ta shan shayi ɗaya. In ya mutu a nan, ba tsoho ba sabo, zai je gaban kapiten da mataccen inji, kuma kowa zai san kashe shi aka yi. Yunana ya zare waya daga bango, ya ɗauki injin a buɗe a tafin hannayensa kamar mai ɗauke da kwanon miya mai zafi, ya fita ba takalmi.

Rairayi na ƙuna. A bakin titi akwai rumfar Alhassan mai cajin salula, yana da ƙaramin gurup, injin ba da wuta. Mutum uku da ke zaune a benci suka yi shiru da suka hango shi. Labarin sojan ya riga shi isowa.

"Alhassan, don Allah, kuran."

Alhassan ya dubi injin, ya dubi titi hagu da dama. "Mushe, ni mai iyali ne."

"Na sani. Ba zan daɗe ba."

Alhassan ya karɓi wayar ya soka. "Shiga can bayan buhu. Kada a gan ka a bakin rumfata."

Yunana ya tsuguna bayan buhunan gawayi, injin a kan gwiwarsa, hayaƙin gurup na shiga masa hanci. Mutanen benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Yana nan har aka fara kiran sallar la'asar a masallacin tasha. Sai ga faifan ya fito da kansa daga gefen injin da wata ƙara, Yunana ya zabura har ya buge kai da langa-langa. Injin ya mutu, ya sake tashi. Jar ƙasar nan ta cika ekran. Ya duba wurin hotuna, wayam. Wurin takardu, wayam.

Ya koma gida ya sa takalmi da rigar da yake zuwa majami'a. Dabora ta ɗora masa hannu a ka ta yi addu'a gajera. Jumma na barci, bai tashe ta ba.

A ofishin aka nuna masa benci a baranda. Soja ɗaya na tsaye da bindiga a ƙirji, bai ko dube shi ba. Ta taga yana jin ana magana da ƙarfi a waya. Ya yi ƙoƙarin karanta Zabura a zuci, ya kasa wuce layin farko.

Da aka kira shi, ya tarar da mutum siriri mai jajayen idanu, hularsa a kan tebur. Shi ne Kapiten Salifu.

"Kai ne Mushe Yunana? Zauna. An ce mini kana da hotunan ƙauyuka."

"A'a, mon kapiten."

"Ba ka da su?"

"Ba ni da su, mon kapiten."

Kapiten ya miƙo hannu. Yunana ya ba shi injin, ya faɗi kalmar sirri ba a tambaye shi ba. Kapiten ya yi ta dannawa. Ya buɗe nan, ya buɗe can. Ya kai tafin hannu ƙarƙashin injin ya ji zafinsa.

"Malamin makaranta, ba darasi ko ɗaya a injinsa." Ya juyo da ekran. "Yaushe ka sa wannan?"

Yunana ya sunkuyar da kai.

"Yau," in ji kapiten. "Bayan na aika." Ya rufe injin da ƙarfi har sojan baranda ya leƙo. Ya tashi ya je taga ya tsaya, ya ba Yunana baya. Yunana ya kafa ido a kan bindigar da ke ƙugun kapiten, yana tunanin ko za a bar shi ya aika wa Dabora.

"Ka san abin da ka yi mini?" Kapiten bai juyo ba. "Jibi za a zauna a Maraɗi a raba hatsin agaji. Duk mai garin da na tambaya sai ya ce lafiya lau, ranka shi daɗe. Lafiya lau. Da me zan je? Jiya pastonku ya zo neman taimako, shi ya ce mini akwai wani malami da ya ɗauki komi. Na ce to Allah ya kawo."

Yunana ya ji maganar, amma ba ta zauna masa ba. Yana iya zama gaskiya. Yana iya zama kuma irin maganar da ake yi wa mutum don ya saki baki.

"Ka san ƙauyukan?"

"Na san guda, mon kapiten."

"Gobe da safe mota za ta zo ƙofarka. Kai za ka nuna hanya, kai za ka ɗauka. Ka taho da wannan abin naka." Ya tura masa injin. "Tashi."

Da yamma suka zauna shi da Dabora a tsakar gida, tuwo na hucewa a gabansu.

"In tarko ne hwa?" ta ce. "In so suke ka kai su wurin waɗanda suka tsaya maka?"

"Na yi tunanin haka."

"To ka ce ba ka da lahiya."

"Su zo su ɗauke ni a kan gado?" Ya sake kiran Pasto. A kashe. "In gaskiya ya hwaɗa kuma na ƙi, hatsin shi wuce su. In ƙarya ce, ni na kai musu soja har gida." Ya ture kwanon. "Ban san wanne ba, Dabora."

Da safe motar ta zo, buɗaɗɗiyar baya, sojoji huɗu a ciki. Maƙwabta suka shige gidajensu. Aka sa Yunana a gaba tsakanin direba da kapiten. Suka bar kwalta suka shiga rairayi. Ba wanda ya yi magana sai direba, in an zo mararraba ya ce, "Ina?" Yunana ya nuna da hannu. A kowace mararraba sai ya ji kamar ya nuna ɗaya hanyar, su ɓace cikin daji, a ce ya manta. Bai yi ba. Gonaki suka yi ta wucewa, farare, ko kara babu, an kwashe wa dabbobi. Sau biyu motar ta kafe, sojoji suka sauka suka tura.

Tun daga nesa aka hango su a Garin Aduwa. Matan da ke bakin rijiya suka bar guga suka watse. Kafin motar ta tsaya a gindin aduwar da ke tsakiyar gari, ba kowa a fili sai jaki.

Can sai ga Kawu Na Allah ya fito yana dogara sanda. Ya rame fiye da yadda Yunana ya bar shi, rigar na lilo a jikinsa. Ya dubi sojojin, sannan ya ga wanda ya sauko daga gaban mota. Kallon da ya yi masa bai daɗe ba, amma Yunana ya ji shi har ƙashi.

Kapiten ya gaishe shi da ladabi. "Baba, ya garin?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"Ya abinci?"

"Mun gode Allah."

"Ina so in ga rumbunka."

Tsohon bai motsa ba. Kapiten ya juyo ya dubi Yunana, sojojin ma haka. Yunana ya matsa kusa da kawunsa ya durƙusa, ya rage murya.

"Kawu, sun ce hatsi za a raba. Sun ce sai an ga halin da ake ciki."

"Sun ce. Kai ka tabbata?"

Ya so ya ce e. "Ban tabbata ba, Kawu."

"To don me ka kawo su?"

Yunana na durƙushe yana jin takun wani soja da ya fara zagayawa bayan gidaje. Wani jariri ya fashe da kuka a wani ɗaki, aka yi maza aka toshe masa baki.

A'i ce ta fito, matar kawun. Tana ɗauke da tukunya a hannu biyu. Ta wuce mijinta, ta wuce Yunana, ta dire ta a gaban takalman kapiten ta buɗe. Ƴaƴan anza ne, ɗiyan itacen daji masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu.

"Ga abin da muke ci," ta ce. "In kamu ne, ku kama ni. Ko can a ba ni tuwo."

Kapiten ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya sa a baki. Ya tauna, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye. Ya zaro apare daga aljihun wando ya miƙa wa Yunana.

Hoton farko bai fito ba, apare ya goce. Ya dafe gwiwar hannu a cikinsa ya sake. Kawu Na Allah ya juya, ya je ya ɗage murfin rumbunsa, ya tsaya a gefe yana kallon ƙasa. Yunana ya ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka fara leƙowa. Ya nemi matar da ta fi kowa tsayawa masa wancan zuwan, Shatu, aka ce ta bi mijinta Najeriya bayan sun binne ƙaraminsu. Shanun bakin rijiya sun zama ƙasusuwa.

Da aka gama, kapiten ya ce a duba ko sun yi. Yunana ya ɗora injin a kan murfin mota ya haɗa wayar apare. Da tsohon sistem sai an nemo faifan apare ɗin kafin ya gane shi, kuma ba su zo da kowane faifai ba. Ya tsaya yana jiran abin ya ƙi, kapiten na numfashi a bayan wuyansa. Sai wani ɗan akwati ya fito a ekran ya tambaya ko a kwaso hotunan. Ya ce e. Suka jeru.

Suka yi ƙauye uku a ranar. A kowanne sai da aka gudu. Rana ta kusa faɗuwa motar ta sauke shi a ƙofar gida, kapiten ya ce masa kawai, "Ka ajiye kwafi. Wannan karon kada ka taɓa su." Ya shiga ya tarar da Dabora ta ɗaure masa bargo da kwano da sabulu a ɗankwali, tana shirin fara bin ofisoshi tana tambaya inda aka kai shi. Da ta gan shi sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Ko bayan nan bai sami natsuwa ba. Kwanaki suka wuce ba labari. Pasto ya dawo daga ƙauye ya tabbatar shi ya yi maganar, ya ba da haƙuri, ya ce cajinsa ne ya ƙare. Oumarou ya dawo ya yini yana tonon injin da wani abu da ya sani, ya fito da ƴan hotuna kaɗan, yawancinsu rabi toka-toka. Na Inna bai fito ba. Yunana ya fara sake rubuta darussansa daga ka. Duk wanda ya zo daga wajen Hawandawaki sai ya tare shi ya tambaya ko an ga soja a Garin Aduwa, ko an tafi da wani.

Ba a tafi da kowa ba. Sai da zafi ya kai ƙarshe wata babbar mota ta kai musu gero. Bai kai yadda aka yi fata ba, amma ya riƙe waɗanda suka rage har shuka.

Bayan ruwan farko Kawu Na Allah ya shigo Tasawa ranar kasuwa sayen ruwan hauya. Ya biyo gidan. Ya sha ruwa, ya amsa gaisuwar Dabora, ya sa wa Jumma albarka. Sannan ya ce wa Yunana, "Nuna mini wanda ka ɗauke ni."

Yunana ya kunna injin ya buɗe. Ga tsohon nan tsaye gefen rumbu a buɗe, kansa a sunkuye.

Kawu ya daɗe yana dubawa. "Tun da ubana ya bar mini gida ba wanda ya taɓa ganin cikin rumbuna. Ko A'i." Ya gyara zama. "Gero ya zo, mun ci, mun gode. Yanzu fidda wanga."

Yunana ya tuna abin da kapiten ya ce. Ya goge hoton a gabansa.

"Ya tahi?"

"Ya tahi daga nan, Kawu. Wanda aka kai Maraɗi ba ni da iko da shi."

Tsohon ya ɗauki ruwan hauyarsa ya naɗe a gefen riga, ya ce zai yi sauri kada motar garinsu ta cika. Yunana ya raka shi har tasha.